Kada a Kwana da Garwashi a Ɗaki

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a ƙasar Haɗeja ya san ɗarin nan ba na wasa ba ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska na tasowa daga arewa maso gabas, ta ratso hamada ta kwaso ƙura, ta sauko mana babu dutse babu kurmin da zai tare ta. A Malam Madori da ƙauyukanta, da Kaugama da Birniwa, har garuruwan bakin fadama irin su Auyo da Kirikasamma da Guri, akwai daren da ma'aunin zafi kan sauko kusan digiri 10. Manomin alkama yana murna, domin sanyin nan alkama take so. Tsoho mai ciwon gwiwa da jaririn da ko suna ba a yi ba kuwa, wahala suke sha. Saboda haka ba zan ce wa kowa kada ya ji ɗumi ba. Abin da nake faɗa, kuma da babbar murya nake faɗarsa, shi ne kada a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Wannan ɗabi'a kisa take yi, kuma sai ƙara yaɗuwa take.

Dalilin yaɗuwarta ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 komai ya tashi. Kananzir ya riga ya fi ƙarfin talaka tun kafin nan, gas kuma gidajen da suka fara saba da shi da dama sun jingine tukunyar a lungu. Aka koma gawayi. Yanzu gidan malamin makaranta da na ɗan kasuwa da na manomi duk da kurfoti ake girki. Idan aka sauke tuwon dare, ga garwashi nan jajir a murhu, ga ɗari na kaɗawa, ga yara na rawar sanyi. Uwargida ta duba ta ga asara ce a yayyafa masa ruwa, sai ta kwashe a kasko ta kai ɗaka. Tausayin 'ya'yanta ne ya sa ta, ba sakaci ba, kuma wannan ne ya sa dole a yi mata bayani dalla-dalla maimakon a yi mata tsawa.

Na san amsar da dattawa za su ba ni: kakanninmu da wuta suke kwana, ga gadon ƙasa da ake zuba wa garwashi a ƙarƙashi, kuma sun rayu sun tsufa. Baba, gaskiya ne, amma a wane irin ɗaki? Ɗakin jinka ne, ko bukkar kara, ko soron da ƙofarsa asabari ce ko tufaniya. Iska na shiga ta ko'ina, hayaƙi na tsiyayewa ta cikin ciyawar rufi. Ɗakin da muke kwana a yau daban yake. Bulo ne da siminti, rufin kwano, an buga silin, ƙofar ƙarfe mai kama bango tsam, tagar ƙarfe ko ta gilashi. Bayan ambaliyar 2020 da ta 2022, waɗanda suka rusa gidajen ƙasa masu ɗimbin yawa a wannan yanki, duk mai ɗan hali da ya tashi sake gini irin wannan ɗakin ya nufa, kuma ba laifi ya yi ba. Sai dai da hunturu ya zo, ana bin ɗan abin da ya rage na kafa a toshe: tsumma a ƙarƙashin ƙofa, kwali ko leda a taga, labule mai kauri a bisa. Al'adar kwana da wuta ta taso daga ɗakin da ke numfashi, muka ɗauko ta muka kawo ɗakin da ba ya numfashi. Nan ne ajalin yake.

Ga abin da ke faruwa a cikin irin wannan ɗaki. Wuta tana cin iskar oksijin, wadda mu ma ita muke shaƙa mu rayu. Idan iskar ta wadata, gawayi na ci sosai. Idan ta fara ƙaranci, sai ya koma ci a hankali, yana fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Idan ta shiga huhu ta wuce cikin jini, takan manne wa sinadarin da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200. Jini na zagayawa kamar kullum, amma ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Wanda ke farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, gaɓoɓinsa su mutu, tunaninsa ya rikice. Wanda ke barci ba zai ji komai ba. Barcin ne zai yi ta nauyi har ya zarce.

A nan mutane suka fi yin kuskure, kuma ina roƙon a karanta wannan da kyau. Ana ɗauka hayaƙi ne haɗarin. Sai a bar gawayi a tsakar gida har ya gama hayaƙi ya yi ja, a ce yanzu ya nuna, ba komai, a shiga da shi. Garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da gubar ba ko kaɗan. Hasali ma ɗanyen itace mai hayaƙi yana korar mutum daga ɗaki, idonsa ya yi yaji ya tashi ya buɗe ƙofa. Garwashi mai tsabta ba ya gargaɗin kowa. Haka kuma dabarar nan ta lulluɓe shi da toka don ya kai asuba, ita ce ke rage masa iska ta sa ya yi ta fitar da gubar tsawon dare. Kuma kada wani ya ce shi a ƙasa yake kwana, ko gadonsa na da tsawo, ko kaskon na can ƙuryar ɗaki. Gubar na gauraya da iskar ɗakin gaba ɗaya, babu kusurwar da ta tsira.

Abin da ke ƙara ɓoye wannan bala'i shi ne yadda muke fassara shi idan ya auku. Gida guda su tashi da safe kowa na riƙe da kai, yara na amai, sai a ce zazzaɓi ne, ko sanyi ne ya kama su, ko tuwon jiya ne. A sayo magani a kemis, da dare a sake shigar da kaskon. Idan kuwa aka wayi gari aka ɓalle ƙofa aka tarar da mutane ba rai, babu rauni babu ƙuna, sai zance ya koma wani wajen. A ce iska ce, a ce sammu ne, a ce an sa musu guba a abinci. Kishiya ta shiga uku, maƙwabci ya shiga zargi, zumuncin shekaru ya lalace, alhali kaskon da ya yi aikin yana nan a tsakar ɗakin, ya zama toka, ba wanda ya kalle shi. Ku riƙe wannan alama: in mutum biyu ko fiye da suka kwana ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri lokaci guda, kuma suka ji sauƙi bayan sun fito waje, to ba zazzaɓi ba ne. Allah ne ya tsallakar da su daren jiya, kada a sake gwadawa.

Gubar nan ba ta san talaka ko mai kuɗi ba, ba ta san ƙauye ko birni ba. Émile Zola, ɗaya daga cikin manyan marubutan Faransa, ita ta kashe shi a ɗakin kwanansa a birnin Paris a watan Satumban 1902, saboda bututun hayaƙin murhun ɗakin ya toshe. A Ingila, inda ɗumama ɗaki da itace tsohuwar al'ada ce, doka ta wajabta wa masu gidajen haya tun 2015 su sanya na'urar da ke yin ƙara idan ta ji gubar, a duk ɗakin da ake ƙona itace ko gawayi. Mutanen da ke da murhun ƙarfe mai ƙofa da bututu har saman rufi ke nan, amma ba su yarda da shi ba sai da mai gadi. Mu kuma kasko ne buɗe, a ɗakin da aka toshe, kusa da kan yaro. Irin gubar ce dai ke fita daga bututun janareta, wadda ta sha hallaka iyali guda a dare ɗaya a biranen ƙasar nan. Wanda ke shigar da janareta zaure ko baranda don tsoron ɓarawo, ya sani ya ceci inji ya sayar da iyalinsa.

Mu Musulmi ma ba mu da uzurin cewa ba a faɗa mana ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya yi umarni a riƙa kashe wuta idan za a kwanta. Umarnin a fili yake, ba ya bukatar dogon sharhi. Wanda ya bar wuta a ɗaki ya ce ya dogara ga Allah, ya saɓa wa wanda ya koya mana dogaro ga Allah. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma ba a fakewa da ita a bar abin da aka yi umarni da shi.

Sai kuma gobara, wadda ita kowa ya san ta amma ba a jin tsoronta yadda ya kamata. Ku dubi abin da ke cikin ɗakin kwananmu yanzu. Katifar soso, wadda in ta kama ba ta minti biyu ɗakin ya turnuƙe da baƙin hayaƙi mai shaƙe mutum. Gidan sauro da ke lilo har ƙasa. Bargo da labule da kayan sawa na roba, masu narkewa su manne a fata. Yaro ya juya cikin barci ya shuri kasko, ko gefen bargo ya zamo ya faɗa ciki, shi ke nan. A waje kuma lokacin kaka ne ya wuce, gida cike yake: harawa a kan rumfa, karan dawa a jingine, rumbu cike da gero, buhunan riɗi da zoɓo na jiran farashi ya tashi, dangar zana ta bushe ƙayau. Iskar hunturu ba ta bukatar fiye da tartsatsi ɗaya ta ɗauke shi daga wannan gida zuwa na gaba. Kafin motar kashe gobara ta iso ƙauye, in ma an samu kiran ta, noman shekara ya tafi.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, mu mutanen fadama. Noman rani da injin ban ruwa ake yi, injin kuwa fetur yake sha. Saboda tsada da tsoron sata, manomi kan sayo jarka ya ajiye a ɗakin da yake kwana, wani har babur ɗinsa yake shigarwa. Fetur ba sai wuta ta taɓa shi yake kamawa ba. Tururinsa na da nauyi, yana bin ƙasa yana rarrafe har ya iske garwashin da ke can gefe. Jigawa ba ta bukatar a koya mata abin da fetur ke yi. Abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, inda tankar mai ta kama da wuta ta ci rayuka fiye da 150, har yau bai bar zukatanmu ba. Allah ya jiƙansu da rahama. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Jarkar fetur da kaskon wuta ba sa kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, ko da kaskon na turaren wuta ne.

Waɗanda abin ya fi ci su ne waɗanda aka hura wutar dominsu. Mai jego da jaririnta ake fara kai wa kasko, a rufe ɗaki ruf wai kada iska ta shige su. Jariri na numfashi da sauri fiye da babba, gubar na cika masa jini da wuri, kuma ba shi da bakin da zai ce kansa na ciwo. Mai ciki ma haka, abin da ke cikinta ya fi ta saurin cutuwa. Iyayenmu mata, ku da ke kula da masu jego, na san ba ku son kowa ya koya muku aikin da kuka gada, kuma ba raina shi nake yi ba. Amma ɗumin da jariri ya fi bukata yana jikin uwarsa: a ɗora shi a ƙirjinta fata da fata, a sa masa hula da safa, a lulluɓe su tare. Ma'aikatan jinya da wannan suke rainon bakwaini ma. Tsoho mai ciwon zuciya ko mai asma, shi ma ɗan kaɗan ya ishe shi. Mai farfaɗiya kuwa ba a barin sa shi kaɗai a gaban wuta ko da rana ne. Yara masu rarrafe da masu tatata, duk ma'aikacin asibiti ya san hunturu ne lokacin da aka fi kawo su da ƙuna, wani ya dafa garwashi, wani ya faɗa ruwan zafin wanka.

Ƙasar Haɗeja ƙasar Alƙur'ani ce, tsangayu ko'ina. Wutar karatu da ake hurawa a fili tsohon abu ne, kuma a fili ba ta tara guba. Matsalar ita ce bayan an tashi karatu, yara su kwashi garwashi su kai zaure ko shagon da suke kwana su ashirin, su ja ƙofa. Wasu kuma in itace ya gagara sai su ƙona taya da leda da tsofaffin takalman roba, su zagaye suna shaƙa. Alaramma, amanar yaran nan a wuyanka take. Zagaye ɗaya bayan sun kwanta ya isa a gane ko akwai wuta a makwancinsu. Mu kuma maƙwabta, tsohon bargo da rigar sanyin da yaranmu suka fi ƙarfinta sun fi amfani a tsangaya bisa ajiyarsu a akwati.

Ko a inda ba a mutu a dare ɗaya ba, hayaƙin yau da gobe na yin nasa aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, daga girki da ɗumama da itace da gawayi da kananzir, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Ciwon haƙarƙarin da ke kwantar da yaranmu a hunturu, wanda muke ɗora wa sanyi laifinsa, hayaƙin da muke kare su da shi daga sanyin yana da kaso a ciki.

To me za a yi da ɗarin? A ji ɗumi a tsakar gida ko a rumfa, inda iska ke wucewa, babba na zaune yana lura. In za a kwanta a kashe da ruwa, a tabbatar ya mutu, kada a bar wa toka aikin. Kuɗin gawayin da ake ƙonawa a ɗaki wata biyu zai sayi bargon gwanjo da zai yi shekaru. A raba shimfiɗa da sanyin siminti, ko da kwali ne ko buhu a ƙarƙashin tabarma. A rufe kai da ƙafa. Ana iya cika gora da ruwan ɗumi a ɗaure bakinta sosai, a naɗe da zane a sa wa tsoho a shimfiɗa. Ga wanda ya nace sai ya ɗumama ɗakin, to ya yi tun kafin lokacin barci, ƙofa da taga a buɗe, ba kowa a kwance, sannan ya fitar da kaskon, ya bar iska ta wuce kafin a shiga. Ban so ma na faɗi wannan ba, domin na san gajiya da barci kan sa a manta fitarwar, kuma mantuwa ɗaya ta isa.

Mai hali da yake tunanin sa mai walda ya ƙera masa murhun ƙarfe na ɗaki, ko ya gina na bulo a falo irin wanda yake gani a finafinai, ya tsaya ya yi tunani. Irin wannan murhu ba ya zama lafiya sai da bututun da zai fitar da hayaƙi ya wuce saman rufi, mahaɗansa ba sa yoyo, bai taɓa katakon rufi ko silin ba, ana kuma share shi saboda kunkunniya da sheƙar tsuntsu na toshe shi. Dole kuma a bar kafar da sabuwar iska za ta riƙa shigowa, a kafa murhun a kan siminti nesa da labule da kujera, a kuma nemi na'urar nan mai ƙara. Wanda ba zai iya cika waɗannan duka ba, ya haƙura. Sanyinmu na 'yan watanni ne, bai kai a kafa wa gida abin da zai iya kashe mutanensa ba.

In kuwa abin ya riga ya faru, mintunan farko su ne komai. Ka tarar da mutane a sume a ɗakin da aka kwana da wuta, ka wangale ƙofa da tagogi, ka fito da su fili nan take, kai ma kada ka daɗe a ciki. Wanda ke numfashi amma bai farfaɗo ba, a kwantar da shi a gefensa. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan rubutu, zai shaƙe ya tafi huhu. A nufi asibiti mafi kusa, in ana iya kaiwa babban asibitin Haɗeja a kai, kuma da isa a faɗa wa ma'aikata cewa da gawayi aka kwana, don kada su ɓata lokaci suna neman zazzaɓi. Maganin shi ne oksijin. A iskar waje jiki na ɗaukar awa huɗu zuwa shida kafin ya fitar da rabin gubar, da oksijin na asibiti kuwa awa ɗaya da ɗan wani abu. Ko wanda ya farfaɗo ya ce ya warke a kai shi, musamman mai ciki da yaro, domin illar kan dawo bayan kwanaki ta taɓa tunani ko tafiya. Wanda tufafinsa suka kama wuta kada ya ruga, a kayar da shi a lulluɓe da bargo mai kauri ko a birgima shi a ƙasa. Ƙuna kuma ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi ake kwarara mata har kamar minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da gishiri, ban da kashin shanu.

Wannan magana ba za ta isa inda ake bukatarta ta takarda ba, domin mafi yawan masu ɗaukar kasko su kai ɗaka ba za su karanta ta ba. Limamai su faɗe ta a huɗubar Juma'a tun farkon Disamba. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su sa sanƙira ya zagaya da ita. Malaman Islamiyya su faɗa wa matan aure, ungozoma da ma'aikatan awo su faɗa wa masu ciki kafin su haihu. Mai sayar da gawayi ma, in ya auna wa yaro na ɗari biyu da magariba, ya ce masa ya gaya wa babarsa na girki ne, ba a kwana da shi. Kai kuma maigida, kafin ka kwanta, ka leƙa ɗakin kowace mata, da na tsohuwa, da shagon samari. In ka ga kasko, ka ɗauke shi da hannunka ka fitar, ko da za a yi fushi da kai.